Kujerar Marigayi Tancredi

Noti na ƙarshe ya ƙi kwantuwa. Fulvio yana durƙushe a bakin ƙofar motar, kansa a ƙarƙashin sitiyari, ya danna sifana da ɗan ƙarfin da shekaru suka rage masa. Sifanar ta kuɓuce, bayan hannunsa ya daki ƙarfe. Ya buɗe baki zai yi ashar, sai ya tuna gobe idin Waliyyi Cristoforo ne, ranar da Don Ermete, limamin cocin garin, yake yayyafa wa motocin gari ruwan albarka a ƙofar coci. Ya haɗiye maganar, ya tsotsi jinin da ya tsattsafo.

"Bar shi ya sha mai tukuna," in ji Duilio bakanike, wanda ke zaune a kan akwatin katako yana cin burodi da cuku. "Notin nan ya san hannun maigidansa. Kai baƙo ne a wurinsa."

"Na kira ka ka taya ni aiki, ban kira ka ka yi mini wa'azi ba."

"Wa'azin kyauta ne, surukin gari. Aikin ne ba kyauta ba."

Haka suke kiransa a Roccavelina, surukin gari, domin ba a nan aka haife shi ba. Daga can ƙasa ya zo, daga garuruwan fili inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da tikitin jirgin ƙasa. Bayan ya yi ritaya Allah Ya haɗa shi da Ornella a wata ziyarar ibada, ita bazawara, shi kuma matarsa ta daɗe da rasuwa. Suka yi aure cikin natsuwa, ya tare a gidanta. A gidan ya tarar da duk abin da mutum zai roƙi Ubangiji a ƙarshen rayuwa: mace mai haƙuri, lambu mai inabi, taga mai kallon duwatsu. Ya kuma tarar da motar.

Ƙaramar mota ce ja mai kujera biyu, rufinta na tamfol, an ƙera ta tun zamanin da su duka suke samari. Ta mijin Ornella na farko ce, Tancredi, Allah Ya ji ƙansa. Har yau babu mai kiranta da wani suna a garin sai motar Tancredi. Tsofaffin da ke zama a shagon gahawa na dandali ba sa gajiya da labarinsa. Sun ce ya taɓa sayen burodi da zafinsa a gidan burodin Roccavelina, ya haye dutse da shi a motar, ya miƙa wa masu ibadar da ke zaune a ƙololuwa, mai tsaron ƙofa ya karɓa ya ƙona yatsu. Duk ranar Lahadi, idan Fulvio ya ratsa dandali a hankali da Ornella a gefensa, sai wani ya ɗaga kofi ya ce, "A gai da direban marigayi!"

Masana sha'anin zuciya sun daɗe da lura cewa kishin rayayye yana da magani, domin rayayye yana tsufa, yana yin kuskure, wata rana za a gan shi da miya a gemu. Wanda ya riga mu gidan gaskiya kuwa ya gama kuskurensa. Kullum ƙara kyau yake yi a bakin mutane. Fulvio mutum ne mai tsoron Allah, yana sa sunan Tancredi cikin addu'ar mamata kamar yadda ya kamata, amma sunan yakan tsaya masa a maƙogwaro kafin ya wuce.

Ba zolayar dandali ce ta fi cin ransa ba, ba kuma hoton da ke falo ba, inda Tancredi yake tsaye siriri, dogo, da gashin baki kamar an zana. Kujerar direba ce. Shekaru sun lotsa fatarta, sun yi mata wani siririn gurbi, ƙanƙane, wanda bai dace da jikin Fulvio ba ko kaɗan. Duk sa'ad da ya zauna, gefunan gurbin sukan matse masa ƙugu kamar hannuwa biyu masu cewa tashi, ba wurinka ba ne. Da wannan matsi yake zuwa coci, da shi yake dawowa. Sau da yawa yakan durƙusa gaban bagade ƙugunsa na tuna masa da siririn mutumin da ya riga shi.

Saboda haka da Ornella ta hau motar safe zuwa asibitin birni don duba ƙanwarta da aka yi wa aikin gwiwa, sai ya aika aka kira Duilio. Sabbin kujerun da Fulvio ya saya sun daɗe a ɓoye a garejin bakaniken: baƙaƙe, masu faɗi, masu tsayin baya, an ciro su daga wata mota da ba ta kai rabin shekarun wannan ba.

Man ya jiƙa notin, ya saki. Suka ciccibo tsohuwar kujerar suka ajiye a ƙasa. A gurbinta babu komai sai ƙura da ɗan tsatsa.

Duilio ya ɗora sabuwar, ya leƙa, ya girgiza kai. "Ƙafafunta ba su hau ramukan da ke nan ba. Sai an huda sababbi."

"Huda."

"Ka ji abin da na ce kuwa? Ƙarfen asali ne. In na huda, na huda ke nan. Ko Don Ermete ba zai iya toshe shi da ruwan albarka ba."

"Na ce ka huda."

"Uwargida ta sani?"

"Za ta sani."

"Oho. To, ni dai ranar da za a yi shari'ar, ina ƙauye wurin 'yata."

Ƙarar injin hudar ta cika garejin. Fulvio ya ga garin ƙarfe yana murɗowa daga cikin motar, ya ji wani abu mai kama da nadama, ya kuma ji wani abu mai kama da daɗi, bai tsaya rarrabe su ba. Da aka ɗaure kujerar ya shiga ya zauna. Babu abin da ya matse shi. Ya ja numfashi mai tsawo, ya kama sitiyari da hannu biyu.

"Kai, ka ga mutum," in ji Duilio. "Kamar likitan haƙori a ofishinsa. To, tashi mu ciro ɗayar."

"Ɗayar ba a taɓa ta."

"Biyu na kawo fa."

"Wannan ta Ornella ce."

"Ɗaya baƙa, ɗaya ruwan ƙasa? Gobe za ka shiga layin albarka kamar wanda ya sa takalmi ƙafa daban-daban. Dariya za ta kashe mutane."

Fulvio ya zagaya ɗaya gefen. Ya ɗora tafinsa a kan kujerar dama. Fatarta ta fi laushi, ta lotsa sosai, har idan Ornella ta zauna sai ta kusa ɓacewa a ciki kamar tsuntsuwa a sheƙa, kuma yana son ganin hakan. Kowace Asabar yakan shafa mata kakin zuma da tsumma mai taushi, a hankali, yana bin kowane ɗinki. A duk motar, ita kaɗai ce abin da yake ƙauna ba tare da ɗaci ba.

"Wannan tsohuwar fa?" Duilio ya taɓa ta da ƙafa. "In kai ta ɗakin ajiya?"

"Tafi da ita. Ba wa karenka ya kwanta a kai."

Duilio ya dube shi na ɗan lokaci. Ya yi alamar gicciye, rabi wasa rabi gaske, ya jefa kujerar a bayan motarsa ta kaya, ya tafi.

Rana ta karkata lokacin da motar birni ta sauke Ornella. Ta shigo ta ƙofar lambu da jakarta a hannu, 'yar ƙaramar mace mai furfura da saurin tafiya, ta ga ƙofar gareji a buɗe ta nufo.

"Gwiwar ta kumbura, amma bakin yana nan lafiya lau," ta fara cewa. "Tun da na shiga take zagin abincin asibiti, har…"

Idonta ya faɗa kan baƙar kujerar. Fulvio yana tsaye a gefen motar, hannunsa ɗaure da ƙyalle. Ya shirya jawabi tun safe, game da ciwon baya da lafiyar tafiya, amma ya neme shi ya rasa.

Ta ajiye jakar a ƙasa. "Ina kujerata?"

"Ga ta nan," ya ce da sauri. "Ban taɓa ta ba. Duilio ya so ya cire, na hana. Na ce wannan ta Ornella ce."

"Ba wannan ba, Fulvio. Ina kujerata?"

"Tasa ce kawai na cire. Na gaji, Ornella. Allah Ya gafarta mini, na gaji. Duk Lahadi ina zaune a cikin jikin wani. Gidan nasa ne, inabin shi ya dasa, na yarda, ban ce komai ba. Amma ƙuguna nawa ne."

Ta dube shi, ta dubi baƙar kujerar, ta dubi garin ƙarfen da ya zube a ƙasa. Sai ta jawo akwatin da Duilio ya zauna a kai, ta zauna, ta rufe baki da hannu. Ya zaci kuka take yi. Da ta sauke hannun ya ga ba kuka ba ne, ba kuma dariya sosai ba.

"Uwar Allah ta taimake ni da maza. Zo nan, tsoho. Kai da ka yi shekaru kana kallon mutane ta taga kana gane wanda bai biya tikiti ba. Gurbin kujerar nan da ka cire, ya yi maka kama da mazaunin namiji?"

"Siriri ne shi. Ga hotonsa can a falo."

"Hoton ranar aurenmu ne. Bai san girkina ba tukuna. Da ya sani, sai da aka ƙara wa wandonsa ƙyalle a baya. Ya fi ka ƙiba nesa ba kusa ba."

Fulvio ya jingina da bango.

"Makon da ya sayo motar," ta ci gaba, "ya hau da ni dutse. A kwana ta biyu ya kusa jefa mu cikin kwazazzabo. Da muka tsaya, ya kasa ko kunna sigari. Mutumin da yake shiga ramin haƙar dutse ba fargaba, ya zauna a bakin hanya yana kuka kamar yaro. Ni na dawo da mu gida. A gonar babana na koyi tuƙi, da tarakta. Daga ranar, shi yake fitar da ita daga gida, ya ratsa dandali a giya ta biyu yana ɗaga wa mutane hannu. Da mun wuce gadar injin niƙa, inda ba mai ganinmu, sai ya tsaya mu yi musaya. In mun dawo, mu sake musaya a nan."

"Burodin fa? Burodin masu ibada?"

"Shi ya riƙe burodin a cinya, idonsa a rufe, yana karanta addu'ar Maryamu da ƙarfi tun daga gada har ƙololuwa."

"Kuma duk garin nan ba wanda ya sani."

"A wancan zamanin? Mace ta tuƙa mijinta a gaban Duilio da ire-irensa? Da bai sake shan gahawa a dandali ba har ya mutu. Na yi masa alkawari a gaban gunkin Uwargijiyarmu Maryamu da ke bakin gadar. Kai ne mutum na farko da na faɗa wa, kuma da ba ka huda mini mota ba, da ba ka ji ba."

"To me ya sa ba ki taɓa ce mini ke za ki tuƙa ba?"

"Ranar farko ka karɓi makulli daga hannuna, ka zagaya ka buɗe mini ƙofar dama, ka sunkuya kamar ina wata sarauniya. Fuskarka tana haske. Me zan ce maka? In ce matsa, kana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai?"

Bai ji wannan ba, domin idonsa ya riga ya koma kan kujerar dama. Faffaɗan gurbin nan mai zurfi, mai laushi, mai ƙyallin kakin zuma. Ya tuna Asabar ɗin da ya yi yana shafa ta, yana bin kowane ɗinki da yatsa. Ya tuna yadda matarsa take nutsewa a ciki, ta lumshe ido idan iska ta bugi fuskarta.

"Ashe duk shekarun nan," ya ce, "a wurinsa kike zaune. A cikin…"

"Ina zaune a inda ka zaunar da ni." Ta tashi ta ɗauki jakarta. "Ina ka kai ta?"

Ya faɗa mata. Ta shiga gida. Jim kaɗan ya ji ƙarar tukunya.

Garejin Duilio yana ƙetaren dandali, daura da shagon gahawa. Fulvio ya tarar da kujerar a bakin ƙofa, wani tsohon kare mai jan gashi ya naɗe a cikin gurbin, ya cika shi daidai.

"Barone ya gode," in ji Duilio, yana nuna karen. "Ya ce tun da aka haife shi bai yi barci irin na yau ba."

"Tashe shi. Na zo karɓa."

"A'a! An yi shari'ar ke nan? Jama'a, ku zo ku ji hukunci!"

Tsofaffin suka juyo da kujerunsu. Ɗaya, wanda ya taɓa zama mai rarraba wasiƙu, ya ɗaga murya. "Me ya faru, surukin gari? Marigayi ya zo maka a barcin rana?"

"Na faɗa masa," in ji Duilio. "Na ce kujerar gwani ba a cire ta. Mutumin da ya haye dutsen nan burodi bai huce ba! Kai da za ka kai, sai dai su yi miya da shi."

Suka fashe da dariya. Fulvio ya tsaya a tsakiyarsu, maganar tana kan harshensa, a shirye, mai zaƙi kamar inabin ƙarshen kaka. Jimla ɗaya ta isa. Gwaninku a gefe yake zama, idonsa a rufe, yana kiran Maryamu. Jimla ɗaya, sai Tancredi ya faɗo daga bango, ba kuwa zai sake hawa ba. Shekaru yake roƙon irin wannan dama ba tare da ya yarda cewa roƙonta yake yi ba.

Sai ya dubi fuskokinsu, ya hango gobe. Ya hango waɗannan idanu duka sun juya kan Ornella a ƙofar coci, suna kallonta da sabon kallo, suna ɗaga mata kofi, kowane tsoho yana neman ta ba shi labarin kwana ta biyu. Ya kuma tuna alkawarin da aka yi a gaban Uwargijiyarmu. Wanne daga cikin biyun ya riƙe harshensa, tsoron Allah ko kishi, Wanda Ya san abin da ke cikin ƙiraza ne kaɗai zai iya faɗa.

"Sabuwar ta yi mini tauri," ya ce. "Bayana bai saba ba."

Ya kori karen, ya kakkaɓe gashin da hannunsa mai ciwo, ya ƙi yarda a kai masa a mota. Ya ɗora kujerar a baya, ya riƙe ta da hannu biyu ta kan kafaɗa, ya ratsa dandalin a sunkuye.

"Ku duba!" mai wasiƙu ya yi ihu. "Yau Tancredi ne yake tuƙa shi!"

Shi kaɗai ya yi aikin. Ya sauke baƙar kujerar, ya toshe sabbin ramukan da guntayen roba, ya mayar da tsohuwar kan ramukanta na asali, ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya. Ya goge fatar da ruwan ɗumi. Da ya gama, hasken yamma yana kan duwatsu tukuna. Ya je bakin ƙofar kicin.

"Ya kamata a gwada ta kafin gobe," ya ce. "Ko na ɗaure da kyau."

Ornella ta dube shi, ta rage wutar tukunyar, ta cire ƙyallen girki.

Shi ya fitar da motar. Gefunan gurbin suka matse masa ƙugu kamar kullum, ya bar su suka matse. Ya ratsa dandali a giya ta biyu. Aka ɗaga kofuna, aka gai da direban marigayi, ya ɗaga hannu. Suka gangara ta bayan makabarta, suka wuce gadar injin niƙa. A gaban ɗan gunkin da ke cikin bango, inda wani ya ajiye furanni a gwangwani, ya taka birki, ya ja na hannu, ya fita.

Ornella ma ta fito. Ta zagaya ta gaba, shi ya zagaya ta baya. Ta shiga gurbin kamar hannu cikin safarsa, ta gyara madubi, ta ɗaure ɗankwalinta a ƙarƙashin haɓa.

Fulvio ya daɗe a tsaye riƙe da ƙofar dama. Sannan ya yi alamar gicciye, ya zauna.

Kujerar ta karɓe shi. Babu inda ta matse, babu inda ta rage. Bayansa ya sami wurinsa, cinyoyinsa suka sami nasu, har gwiwar hannunsa ta faɗa cikin wani ɗan lotsi a jikin ƙofa wanda bai taɓa lura da shi ba. Tun da ya zo garin nan bai zauna a wurin da ya dace da shi haka ba.

"Ta yi maka?" in ji Ornella, idonta a kan hanya.

"Ba laifi," ya ce.

Ta saka giya. Duwatsun suka taso musu da gudu. A kwana ta farko ya riƙe idonsa a buɗe, da gangan, har hawaye suka zubo masa saboda iska. A ta biyu ya rufe su, ya ji leɓunansa sun fara motsi da kansu.